Injin Sixten Ya Yi Shiru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da baya mai ciwo saboda sunkuyo, Sixten Wallmark na ƙauyen Ekshärad yana sanar da ƴan uwa da abokan tseren kan ƙanƙara rasuwar injin motarsa, wanda ya gada daga mahaifinsa. Marigayin ya cika ranar Asabar a tsakiyar daskararren tafki, ana saura kwana ɗaya a yi tseren da Sixten ya shekara yana yi wa tanadi.

Marigayin mai haƙuri ne. Yana tashi a sanyin da kare ma ba ya fita, bai taɓa shan mai fiye da rabonsa ba, bai taɓa kunyata mai shi a gaban suruki ba.

Jinyarsa ta faro ne da kaka, lokacin da Sixten ya sa masa sabon kamshaf na tsere, sandar nan mai buɗe bawul. Irin wannan sanda tana son tazara mai faɗi tsakaninta da bawul, faɗin kuwa yana zuwa da surutu. Marigayin ya kama waƙarsa, taka-taka-taka, safe da yamma, cikin ƙoshin lafiya.

Maƙwabciyar Sixten, Majken, ba ta kai ƙara ba, mutanen nan ba sa yin haka. Ta leƙo ta kan shinge kawai ta ce, “Sixten, abin naka akwai murya.” Kunya ta hana shi cin abinci. Ya ɗauki sifana ya yi ta matse tazarar, kaɗan yau, kaɗan gobe, har injin ya koma numfashi kamar jariri. Sixten ya ji daɗi, Majken ta aiko da burodin kirfa. Ashe bawul ya daina rufuwa, wuta tana cin bakinsa a ɓoye. Kalmar marigayin ta ƙarshe ita ce “fuf”.

Ya rasu ya bar giyabos, lagireto mai yoyo, da mai shi wanda ya gaji, ya gaji ƙwarai.

Za a sauke gawar daga mota ranar Lahadi bayan coci, a garejin gidan. Akwai kofi. A zo da tsofaffin kaya, a bar furanni a gida, a bar shawara ma. Iyalan suna roƙon kada kowa ya nemi a yi shiru na minti ɗaya don girmama marigayin. Shirun ne ya kashe shi.