Gonar Kaka Ba Ta Hoto Bayan Girbi

"Lafiya lau, tsoho, ya sanyi? To matsa gefe, ka tare min gona."

"Uwargida, gaisuwa da korar miji a numfashi ɗaya?"

Tun sassafe jikar ke tsaye a bakin gonar kakanta, yatsu sun ƙage don sanyi, tsohuwar kyamara mai fim na rataye a wuyanta. Hoton gona bayan girbi take so ta kai baje kolin makarantarsu, babu mutum, sai kututturen kara da raɓa. Amma duk wanda ta ɗauka sai tsohon ya faɗo ciki, in ba hularsa ba, sandarsa. Yanzu ɗauka ɗaya ta rage a fim ɗin, rana kuma ta fara shanye raɓar. Ranta ya gama ɓaci.

"Wai me gonata ta yi miki?" in ji shi. "Da damina, tana kore shar, kina ina? Sai da aka yi mata aski za ki nuna wa duniya ƙeyarta, a ce ga gonar rago?"

"Wa zai san taka ce?"

"Maƙwabcina. Ya fi gane bishiyar can a kan 'ya'yansa."

"Ni dai na yi asarar miji. Ga surutu, ga son hoto."

"Kowa da waya yake ɗauka ya goge. Ke kin kwaso akwatin da ya girme ni."

"Da tsohuwar zuma ake magani. Kyamarar dai in an ce ta tsaya, tana tsayawa."

"Sakinki zan yi."

"Na gode. Ka sake ni daga bayan bishiya."

Ya tafi yana gunaguni. Ta ɗaga kyamara, ta saita, ta riƙe numfashi. Sai ga shi tsakiyar gona da fartanya a kafaɗa, ya ƙame kamar mai gadin banki.

"Kaka, don girman Allah."

"Gona ba manomi ai fili ce," ya ce, muryarsa ta sauka. "Baɗi gwiwoyin nan ba za su kawo ni nan ba, babanki ya riga ya yanke magana in ajiye noma. In za a ce gonar wane, bari a ga wanen."

Ta dubi raɓar da ke tafiya, ta dube shi. Haushin bai tafi ba, amma tausayi ya danne shi.

"Gyara hular, ta karkace. Kar ka yi murmushi, haƙoran ba su kai a nuna ba."

Ƙyas.

"Kawo mu gani. Gani ya kori ji."

"Sai an wanke. Ka cinye min fim, ka cinye min baje koli, yanzu ka koyi jira."

Tsohon ya yi dariya har da tari, ya cire rigar sanyinsa ya yafa mata.

"In na fito da kyau, na maida ke ɗakinki. A yi min babba, a rataye inda maƙwabcina zai gani."