Yadda Ake Binciken 'Yar Takara da Sitikar Aro

Ɗan'uwa, matso kusa. In kana zaune a Maryland, kana da baki, kana da kwat mai kyau, amma ba ka da ƙuri'a, alhali duk jama'arku sun ɗauka kana da ita, to wannan darasi naka ne. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan yadda na jera su, za ka shugabanci kwamitin binciken 'yar takarar majalisar wakilai ta Amurka, ka auna gaskiyarta da saurin aikinta, a tafa maka, ka koma gida da mutuncinka. Ni Chollom na garin Bowie na shekara shida a kan wannan hanya. Ta yi mini aiki sarai, ban da wata Asabar guda da za mu zo kanta.

Mataki na 1: Bari wasu su yi maka ƙaryar

Gwani ba ya ƙarya da bakinsa. Sati biyu kafin ranar jarrabawarka ta zama ɗan ƙasa, ka sanar da kowa a ƙungiyarku ta 'yan Filato. Ka faɗa a coci, ka faɗa a wurin aski.

Sannan ka je ka faɗi jarrabawar. Ni dai ma'aikaciyar da ke jarrabawar ta tambaye ni sunan ɗan majalisar da ke wakiltata, na buɗe baki na ba ta sunan namu na gida, mai wakiltar Barkin Ladi. Ta dube ni ta saman tabarau. Daga nan kaina ya kulle, sauran tambayoyin suka bi ruwa.

Da ka dawo gida za ka tarar motoci sun cika layi, an ɗora babbar tukunyar gwate, mata na waƙa, dattawa sun riga sun yi addu'ar godiya. Kada ka ɓata wa mutane biki. Ka ɗaga hannu biyu ka ce, "Mun gode Allah." Wannan ai ba ƙarya ba ce, kullum ana gode masa. Za a ba ka wata ranar ka sake gwadawa. Kada ka je, ka ce aiki ya yi yawa.

Mataki na 2: Auri mai ƙuri'a

In ka riga ka yi aure, Allah ya sa ka dace kamar yadda na dace. Matata Loveth nas ce, ta ci tata jarrabawar tashi ɗaya, kuma ita kaɗai ta san sirrina.

Ga amfaninta. A nan duk wanda ya jefa ƙuri'a ana ba shi 'yar sitika ya manna a ƙirji, shaidar ya yi zaɓe. Ka bari matarka ta je da sassafe kafin ta wuce asibiti. In ta biyo ta gida ɗaukar abincin rana, ka ɓamɓare sitikar daga rigar aikinta a hankali, ka manna a kwat ɗinka, ka danna da babban yatsa domin gam ɗin ya riga ya yi rauni. Ka ɗauki hoto ka tura guruf ɗin ƙungiya, ka rubuta a ƙasa: "Wanda bai yi zaɓe ba kada ya yi mana ƙorafi."

Za ta ce, "Baban Abby, har yaushe?"

Ka ce, "Bana ne na ƙarshe." Amsar nan ba ta lalacewa, ana iya amfani da ita duk bayan shekara biyu.

Mataki na 3: Fi kowa ɗaga murya

A kowane taro ka yi maganar siyasa har abinci ya huce. Ka riƙa cewa "mu masu zaɓe". Mutum ba ya zargin wanda ya hana shi magana.

Ladan wannan zai zo. Mu dai wata 'yar takara, Madam Pruitt, wadda ta shekara takwas tana kansila, ta aiko tana neman goyon bayan ƙungiyarmu. Dattawa suka ce ba a ba da 'ya sai an binciki gidan miji, ƙuri'a ma haka. A kafa kwamiti, a duba ko tana baje aikinta a faifai, ko kuma mai rufa-rufa ce, a duba ko tana aiki da hanzari ko jan ƙafa take yi. Da aka zo batun ciyaman, kowa ya juyo ya dube ni. In haka ta same ka, ka yi kamar za ka ƙi sau ɗaya tak, sannan ka karɓa kafin a canza shawara.

Mataki na 4: Kai ka sayi fayil, matarka ta yi karatun

Bincike iri biyu ne. Akwai na manya, wanda ni na ɗauka. Ka lura da yadda 'yar takara ke cin gwate: in ta cinye ta nemi ƙari, mai gaskiya ce, in ta juya cokali tana murmushi, akwai abin da take ɓoyewa. Ka lura ko ta san Najeriya ƙasa ce, ko duk "Afirka" take ce mana. Ka lura ko tana sunkuya wa tsofaffi.

Akwai kuma ƙaramin bincike, mai cin lokaci, wanda za ka bar wa matarka. Loveth ta zauna a teburin kicin sati uku tana bin bayanan zaman majalisar kansiloli, wace doka Madam ta goya wa baya, wace ta ƙi, su wane ne suka ba ta gudummawar kamfe. Har wasiƙa ta rubuta wa ofishinta a kan wata fitilar titi da ta mutu, don kawai ta ga kwana nawa za su yi kafin su amsa. Kwana tara suka yi, aka gyara fitilar cikin sati uku.

"Ka karanta shafi na sha biyu?" in ji ta, tana nuna takardun da ta haɗa mini.

Na ce ina kan hanya.

"A shekara ɗaya ta yi fashin zama sha ɗaya. Ka tambaye ta dalili, amma da ladabi."

Kalmar ladabin nan ka bar ta a kicin. Ka zuba takardun a fayil mai tsada, ka sa tabarau, ka riƙa cewa "bincikena ya nuna".

Mataki na 5: Wurin da ba a wasa

A nan ka ajiye dariya ka saurare ni. A irin waɗannan taruka akan kafa tebur a bakin ƙofa, da fom na rajistar masu zaɓe. A ƙasan fom ɗin akwai inda mutum ke sa hannu yana rantsuwa shi ɗan ƙasa ne. Mai takardar zama kawai irina, in ya sa hannu a nan, ya yi wa gwamnati ƙarya a rubuce, kuma zai iya rasa takardar zaman gaba ɗaya.

Loveth ta taɓa tsayar da ni a gareji, makullin mota a hannunta. Ta ce, "Sitika wasa ce, na ƙyale ka. Fom ɗin nan ba wasa ba ne. Ranar da ka sa hannu don jin kunyar mutane, ni da Abby ta waya za ka riƙa ganinmu." Gaskiya na tsorata.

Saboda haka ka koyi kewaye teburin. Ka kara waya a kunne kana "Eh, eh, ina ji." Ko ka ɗauko kujeru biyu ka wuce da sauri, ba a tsayar da mai kaya.

Mataki na 6: Ranar taro, ka murza gashin baki

An yi namu a zauren wani coci a Upper Marlboro, ranar Asabar da rana. Madam Pruitt ta zo a kan lokaci, abin da ya sa ta jira mu minti arba'in. Ta ci gwate, ta nemi ƙari, na rubuta.

Ka miƙe da fayil ɗinka. Ka yi gyaran murya. Ni cewa na yi, "Madam, mu mutanen Filato ba ma son ƙumbiya-ƙumbiya. Shugaba dole ya zama cikinsa da wajensa ɗaya. Akwai abin da kike ɓoye wa masu zaɓe?" Na dafa shafi na sha biyu ina jiran ta musa in kwance mata zani a kasuwa.

Ba ta musa ba. Ta ce akwai shekarar da ta yi fashin zama sha ɗaya, lokacin mijinta na kwance a asibiti, kuma ta yi kuskure da ba ta fito ta gaya wa jama'a a lokacin ba. Ta ƙara da wani da ko Loveth ba ta gano ba, wani rahoton kamfe da ta taɓa miƙawa a makare aka ci ta tara. Ta ce, "Gara ku ji daga bakina."

Zauren ya ɗauki tafi. A irin wannan yanayi ka riƙa jujjuya takardu kamar kana neman wani abu. Kada ka dubi matarka. Ni na duba, kuma na yi nadama. Laifi tudu ne, in ji mutane, ka taka naka ka hango na wani, to ni a ranar nawa ya yi tsawon da har jiri nake ji a kansa. Madam ta miƙo mini hannu ta ce tana fatan samun ƙuri'ar ciyaman. Na ce mun gode Allah.

Mataki na 7: Kada ka bi ta ƙofar da tsohuwa ke gadi

Da na san wannan mataki da wuri, da ya zama na ɗaya.

Mai kula da teburin rajista a ranar ita ce Ngo Chundung, tsohuwar da duk muke kira uwa. Shekararta saba'in da uku. Ta zo renon jikoki ne, ba ta yi boko mai nisa ba, amma ta haddace tambayoyin jarrabawar nan tana shara tana wanke-wanke, ta ci tana da sittin da bakwai. Na ɗauko kujeruna biyu zan wuce, sai ta tare hanya da sandarta.

"Ɗana, ajiye kujerun nan. Ba kun tashi daga Hyattsville kun koma Bowie ba?"

"Haka ne, Ngo."

"Matarka ta sabunta rajistarta. Kai fa? Zauna ka cike, yara su ga ciyaman ya fara."

Kafin in ce uffan an danna mini biro a hannu. Raymond sakatarenmu ya ɗaga waya zai ɗauki hoto. Mutane suka kewaye ni, har da Madam. Na rubuta sunana, na rubuta adireshi, ina ja kamar mai rubutu da ƙafa. Biro ya iso layin ƙasa. Na ɗaga kai, na hango Loveth a bakin ƙofa riƙe da murfin tukunya, ba ta ko girgiza kai ba.

Ƙa'idar wannan darasi ita ce ka ce ka manta tabarau. Matsalar, suna kan hancina.

Na ajiye biro. Na ce, "Ngo, ba zan iya sa hannu ba. Ni ba ɗan ƙasa ba ne. Jarrabawar nan faɗuwa na yi, gwaten da kuka ci shekara shida da suka wuce na banza kuka ci."

Na jira ƙasa ta tsage, ba ta tsage ba. Raymond ya sauke wayarsa a hankali. Ngo ta janye fom ɗin ta yaga shi biyu, ta sa a jakarta.

"Da ka ɗora biron nan a layin sa hannu, da sandar nan ta riga ka," in ji ta. "Ɗana, ai na daɗe da sani. Sitikarka ta wancan zaɓen da shuɗin zaren rigar asibiti a gefenta. Idona ya tsufa, amma ba haka ba. Na ce bari in ga ranar da mai binciken mutane zai binciki kansa."

Wata daga baya ta fashe da dariya, sauran suka bi, ni ma na yi, da hawaye a ciki. Loveth ta zo ta karɓi fayil ɗin daga hannuna. Ita ta karanta rahoton kwamiti, kuma ba ta duba takarda ba ko sau biyu.

Mataki na 8: Asabar, ƙarfe goma

Yanzu nan nake zuwa, gidan Ngo, da littafi da biro. Na sake cike takardun neman zama ɗan ƙasa. Takan zauna da kofin kunun gyaɗa ta jefo tambaya, in na yi kuskure ta buga sanda a ƙasa ta ce gemu ba ya hana ilimi, amma surutu na hanawa. Sunan mai wakiltata kuwa, ko cikin barci ka tashe ni zan faɗa maka.

Ka zo da wuri in kana son kujera mai kyau. Sati na biyu na tarar da Raymond a kanta da nasa littafin, ya sunkuyar da kai. Ba mu tambayi juna komai ba.

Sanarwa

Marubucin wannan darasi ba lauya ba ne, ba ɗan ƙasa ba ne tukuna, kuma tun waccan Asabar ba ciyaman ba ne. Duk wanda ya bi matakan nan ya ji kunya, ya kuka da kansa. Wanda ya tsallake mataki na biyar, ban san shi ba, bai san ni ba. Mai son sanin halin Madam Pruitt ya tambayi Loveth, ita ta karanta. Kada kuma kowa ya zo wurina aron sitika, bana matata da tata ta tafi aiki, da ita ta dawo.

Waɗanda suka rage a hannuna na Ngo ne, tana manna su a cikin bangon tsohon littafin tambayoyin da ta ara mini, ɗaya na kowane zaɓe. Guda uku ne. Ta ƙirga su a gabana kafin ta ba ni littafin.