Turakun Gwamnati a Murhun Iya Baraka

"Lahiya lau, maigida, sai dai ban ga cefane ba. Wane irin miji ne kullum hannu na dukan cinya?"

Iya Baraka ce take amsa gaisuwar jikanta Gide, tana gyara itace a ƙarƙashin tukunyar kalwa. A shekarun da kuɗin mai suka sa gwamnati gine-gine ko'ina, rabo ya faɗo wa ƙauyensu Mabai: ɗakin shan magani. Safiyo ya zo daga Kaduna, ya auna fili a gefen gonar Iya, ya kafa turakun siminti huɗu, kowace kusurwa ɗaya. Ya ce ranar Asabar zai dawo da ɗan kwangila, in bai iske su yadda ya bari ba, aikin ya koma garin Yargoje. Gide aka ɗora wa dubawa. Ran Juma'a da hantsi ya je bai ga ko ɗaya ba, shi ne ya biyo ta gidan kakarsa yana haki.

"Tsohuwa, yau ba ta cefane nike ba. An sace turakun asibiti."

"An sace, ko kai ne baka gani? Idonka tun kana goye bai ganin komi sai akushi."

"Huɗu na ƙirga da hannuna, yau babu ko... Tsaya. Waccan akuyar, a mi kika ɗaure ta?"

"A turke mana. Da a ƙafarka zan ɗaure ta?"

"Innalillahi! Wanga ai turken gwamnati ne! Ga lamba nan a kansa!"

"To ita akuyar ba 'yar ƙasa ba ce? Turakun icce nawa ta tuge mani bana? Wanga kau ta ja, ta ja, ta haƙura. Allah shi wa gwamnati albarka."

"Saura ukun fa?"

"Kai da ka iya ƙirga, murhu duwatsu nawa ne?"

Gide ya duƙa ya leƙa ƙarƙashin tukunya. Ga su nan su uku, tsawo ɗaya, sun yi baƙi ƙirin, wuta na lasar su.

"Shi ke nan, kin dafa muna asibiti."

"Tunda aka kawo ni garin nan ban taɓa samun murhun da tukunya ta zauna daram ba sai wanga. Kakanka har ya bar duniya duwatsun rafi yake kwaso mani, ɗaya dogo, biyu guragu."

"Ni dai na sake ki. Saki uku, kowane turke ɗaya."

"Na huɗun fa?"

"Shi kuma akuyar na saka."

"Wa ya aure ka balle ka saki? Mutumin da na yi wa tsarki har ya yi wayo! Ka sake ni ka ga mai ba ka ƙanzo."

"Iya, bar wasa. Gobe in safiyo bai ga iyaka ba, Yargoje za a kai ginin. Ke ce fa kike hawa bayan akori-kura zuwa Kankara a yi maki allurar gwiwa, ki dawo kina zagin direba har da kakanninsa."

Tsohuwa ta saki itacen da ke hannunta.

"Yargoje? Saboda 'yan duwatsun nan?"

"Su ne iyakar. Yanzu ko na kwashe su, ina zan maida su? An yi ruwa, ramukan sun cike. In na kafa a karkace, ya ɗora na'urarsa ya gane."

"Wai kai kana nufin siminti shi ne iyaka? Mu a nan da mi ake raba gona?"

"Da gamba."

"To! Na ga bayin Allah sun zo daga nesa, ba su san yadda ake yi ba, sun kafa abin da kowace tsohuwa za ta iya tugewa ta tahi da shi."

"Kamar wa ke nan?"

"Rufe mani baki. Sai na ce bari in taimake su. Duk ramin da na cire turke, na dasa tushen gamba a ciki. Ita ko wuta ta cinye ta, damina na faɗuwa za ta tsiro a wurinta. Je ka duba, huɗu ne, har sun yi kore."

Gide ya miƙe tsaye. Lallai ya ga gamba a filin ɗazu, har ya taka ɗaya, bai kawo komi a ransa ba.

"A cikin ramin kika dasa? Ba gefe ba?"

"Tsakiyarsa. Ni ce zan dasa abu a karkace? Kai kaɗai ne na raina ka fito a karkace."

"Amaryata! Na maida ke ɗakinki!"

"Ban dawowa sai da sharaɗi. Turke ya zauna, gamba ma ta zauna kusa da shi. Kuma ran da aka buɗe, ni ce ta farko a layin allura."

"Na yarda. Allura biyu ma, ɗaya a gwiwa, ɗaya a baki."

"Ɗan banza! Zo kama mani tukunyar nan mu sauke, tun kalwar ba ta gane an tsige ta daga mulki ba."

Suka sauke tukunya, ta janye wutar, ta kwara wa turakun ruwa suka yi cuu. Ta miƙo masa toka da soso ya goge baƙin har lambobin suka fito, ita kuma ta kwance akuya ta maida ta turken icce. Kafin Gide ya ɗora na farko a amalanken gidan, akuyar ta tuge turken ta nufi ƙofa da shi.

Iya Baraka ta bi ta da kallo, ta fashe da dariya har tana riƙe gwiwa. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin daddawa, ta cusa masa a aljihu.

"Ungo, ka kai wa safiyon. Ka ce in siminti ya ragu bayan gini, akwai wata tsohuwa mai buƙatar huɗu, ba sai da lamba ba."