Yadda Za Ka Sa Tsinkayen Ƙarfe Su Yi Maka Biyayya

Bi matakan nan, na yi maka alkawari sunanka zai fito a takardar masana. Ni ne Genival, ko Seu Genival in ana girmama ni, mai wanke kwalabe a ɗakin binciken wata jami'a a birnin Recife. Tun a firamare muka rabu da makaranta, kuma ba wanda ya yi kewar wani.

1. San abin da ake aunawa, amma kar ka zurfafa

Garin ƙarfe ne mai siffar tsinke, ido ba ya ganinsa. A zuba a ruwa, a ɗiga a gilashi, a sa ƙarƙashin madubin ƙara girma, a kunna maganaɗisu, kyamara ta ɗauki saurin juyawar tsinkayen. Iyakarta ke nan. In wani ya fara cika maka allo da lissafi, gyaɗa kai ka ce, "Dama na yi zargin haka."

2. Samu ciwon baya da mace mai tausayi

Tawa, Neusa, ta sayo min ɗamarar magani a kasuwar Asabar. "Ɗaura, tsoho, na gaji da nishinka." Mai sayarwa ya ce mata duwatsun Japan ne a ciki. Kar ka tambayi wane irin dutse. Namiji mai son cin abincin rana ba ya binciken kyautar matarsa. Ɗaura ƙarƙashin riga ka yi shiru.

3. Raɓi mai aiki

Zaɓi ɗaliba irin Jurema, wadda tallafin karatunta zai ƙare a Disamba, in ba sakamako ta tattara ta koma shagon mahaifinta. Kai mata kofi bayan cin abinci, ka jingina tumbinka da teburin.

"Seu Genival, zo ka gani! Ban kunna komai ba, sun juya da kansu!"

"Ai ina gani, 'yata."

Duk sun miƙe sun fuskanci gefe guda. Da safe ba sa yi, sai lokacin kofi. Kar ka haɗa wannan da wancan. Tunani aikin masu digiri ne.

4. Tofa albarkacin bakinka

Farfesa Aristides, shugaban ɗakin, zai murza gemu ya ce zafin rana ne ke sauya kaurin ruwan. Gyara tsayuwa ka ce, "Farfesa, ni ma na lura da rana suka fi natsuwa." Zai dafa kafaɗarka ya ce za a gode maka a takarda. Kai labarin mashayar unguwa. Neusa za ta kai shi coci, kuma a bakinta kai ne ka gano abin.

5. Guji cokali

Wannan matakin ni ma ban bi shi ba. Ranar da Jurema ke nuna wa baƙi abin al'ajabin, na sunkuya ɗaukar tire, sai cokalin kofi ya yi tsalle ya manne a cikina.

"Seu Genival, ɗaga rigarka."

"Haba 'yata, ni fa mai aure ne."

"Ɗaga!"

Na ɗaga, ga ɗamara: ashe duwatsun Japan maganaɗisu ne. Ta sa na zagaya teburin a hankali, idonta a kan madubi. Duk inda tumbina ya nufa, tsinkayen na biye, kamar kaji sun ga mai tsaba. Farfesa ya cire tabarau ya ce, "To, ga zafin ranarmu." Jurema ta zauna a ƙasa, aikin damina guda ya tafi kwandon shara. Na miƙa mata kofi. Ba ta karɓa ba.

6. Koyi tsayawa nesa

Za a ja layin fenti ruwan ɗorawa a bakin ƙofa, kowa ya san don wa. Kwance ɗamarar, ciwon baya ya dawo da ƙannensa. Asabar da Lahadi zo ka buɗe mata ɗakin ta sake awon daga farko, kai kuma ka zauna a kan bokiti a waje. In ta leƙo ta ce, "Kana sanye da wani abu?" juya aljihunka ta gani.

Ta gama kafin Disamba. Tsinkayen ba su yi wani abin mamaki ba, sun juya yadda littafi ya ce, aka ba ta digirinta. Takarda ta fito, kuma ga sunana a ƙasa, yadda na yi maka alkawari: "Godiya ga Seu Genival, wanda ya tsaya a bayan layi."

Gargaɗi

In aka kore ka, ban san ka ba. In ɗaliba ta jefe ka da kwalba, kai ka tsaya kusa. Masu ƙorafi su nemi Neusa. Har yau tana cewa ɗamarar da ta iya juya ƙarfe a cikin ruwa, da na yi haƙuri da ta gyara min baya.