Yadda Za Ka Kori Sukari Daga Gidanka Ba Tare Da Ka Daina Sha Ba

Ɗan'uwa, gyara zama. Idan ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari kafin wata ya mutu mutanen gidanka za su daina jin daɗin shayi, baƙi za su rage zuwa, kai kuma a riƙa yi maka kallon masanin abinci ko da sana'arka sayar da tayar mota ce. Ban ƙirƙiri komai ba. A gidan babban ɗana nake zaune, a ɗakin da ke kusa da ƙofa, kuma a kan kofin shayina aka gwada wannan ilimi. Shekara da shekaru ina karyawa da shayi mai sukari cokali biyu. Likita ya duba ni ya ce in tafi lafiyata lau. Sai ga yaron da na koya wa riƙe cokali ya ce ya fi likita tausayina. Karatuna bai yi nisa ba, amma na iya kallo. Ga abin da na gani.

Mataki na ɗaya: Samo iliminka daga waya

Kada ka je asibiti. Can za a tambaye ka abin da ke damunka, kai kuwa babu abin da ke damunka sai son a saurare ka. Nemi wani mai farar riga a waya, mai magana da sauri, da tukunyar fure a bayansa. Kallo ɗaya ya isa. Abin da za ka haddace kaɗan ne: zuma ta halitta ce, dabino na halitta ne, sukari kuwa inji ne ya haife shi.

Na taɓa ce wa yaron, "Ai kunama ma ta halitta ce."

Ya ce, "Baba, ba za ka gane ba."

Haddace wannan amsar ma. Tana rufe bakin tsoho, tana rufe na mata, kuma ba ta buƙatar hujja.

Mataki na biyu: Yi korar a gaban jama'a

Sukarin da aka kora a ɓoye bai koru ba. Jira sai an hallara ana karyawa, an zuba wa kowa shayi yana tururi. Sannan ka miƙe, ka ɗaga gwangwanin sukari sama kamar ka kama ɓarawo, ka ce, "Daga yau wannan farar guba ta bar gidan nan."

Matarka za ta ce, kamar yadda surukata ta ce, "Maigida, Baba fa? Ka san ba ya iya shan shayi haka."

Ka dafa ƙirji ka ce, "Ai don shi nake yi."

Lura da kyau: duk wanda ya ƙwace maka abu ya ce don kai yake yi, ba shi da niyyar dawo da shi.

Mataki na uku: Kada ka yarda a kwatanta da gaske

Nan ne haɗari yake. In aka bar mutum ya yi tunani, zai ga sukari rake ne da aka matse, aka tafasa, aka wanke har ya yi fari. Zuma kuwa ruwan fure ne da ya ratsa ta cikin ƙwaro. Na kan zauna in yi mamakin wannan: ƙwaron da in ya sauka a hancinka za ka zunduma ihu, shi ne ka naɗa mai dafa maka abinci, ba ka taɓa tambayarsa a bayan wace bola ya samo furen ba.

Ban ƙi zuma ba. A kan burodi babu kamarta. A shayi kuwa sai ta shigo da ƙamshinta ta danne na ganyen, kamar baƙon da ya zo da tabarmarsa ya shimfiɗa a kan taka. Dabino ya fi ban tausayi. An daka shi an zuba mini, ya nutse ya kwanta a gindin kofi, na sha ruwan zafi a sama, na ci laka a ƙasa. Sukari dai yana shiga ya narke ya yi shiru, ba ya neman a san da shi.

Wata rana matarka za ta ce, "Ai ma'aikaciyar asibiti ta ce zuma ma zaƙi ce, duka a rage." Yi tari. Duba wayarka kamar an kira ka.

Mataki na huɗu: Zuba ba awo

Tunda ka ce zuma magani ce, cokali ya zama rashin imani. Karkata kwalbar ka bar ta ta yi ta zuba. Sa a madara, sa a burodi, lashi murfin. In wando ya ƙi rufuwa, laifin tela ne.

Sannan sayo takalmin motsa jiki, farare tas, ka ɗora su a kan kantar da ke bakin falo, inda idon baƙo zai fara sauka. Kada ka sa su. Sawa tana ɓata su.

Mataki na biyar: Nemi maɓoya

Harshenka bai kalli mai farar rigar nan ba, don haka zai ci gaba da neman abin da ya saba. Sayi sukari mai ƙwaya, wanda ake jefawa a kunci ba sai da cokali ba. Ɓoye shi a wurin da babu mai taɓawa a gidan, har da kai. Tsohon da ka hana kuwa, bar shi da lakarsa. Ai don shi kake yi.

Mataki na shida: Kada ka raina kiyashi

Ni mutum ne mai son kallon kiyashi. In biyu suka haɗu sai sun haɗa goshi sun gaisa, abin da 'ya'yan zamani suka daina. Da aka kori sukari sai suka ɗauke ƙafa daga gidan, don surukata tana ajiye kwalbar zuma a cikin kwanon ruwa. Na yi kewarsu. Mun zama abokan rashi.

Sai wata safiya yayan surukata ya kawo ziyara. An kawo shayi, yaron ya miƙe yana yi masa wa'azin farar guba, baƙo yana kurɓa yana yatsina fuska cikin ladabi. Ni kuwa na hango layin kiyashi ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, a natse, kamar masu zuwa ɗaukar albashi. Na duƙa na bi su.

Surukata ta ce, "Baba, me ka yar?"

Na ce, "Ban yar da komai ba, 'yata. Baƙi nake rakawa."

Layin ya bi gefen bango, ya wuce kicin ko waiwaye babu, ya hau ƙafar kanta, ya shige takalmin hagu. Surukata ta ɗaga takalmin ta girgiza. Leda ta faɗo, ƙwayoyin sukari suka watse a tsakar falo, ɗaya ta gangara ta tsaya daidai ƙafar mai wa'azi.

Ya ce, "Wannan... na gwaji ne. Don in nuna wa mutane illarsa."

Yayan matar ya leƙa ledar ya ce, "To ai an cinye rabin gwajin."

Surukata ba ta ko kalli mijinta ba. Ta zubar da lakar dabinon da ke kofina, ta zuba sabon shayi, ta durƙusa ta ce, "Baba, za ka iya shan na takalmi, ko in je kanti?"

Na ce, "Jefa biyu, 'yata. Takalmin nan ƙafa ba ta taɓa shigarsa ba."

Sanarwa

Ni dai na faɗi abin da na gani, ba ruwana da abin da zai biyo baya. Wanda jikinsa ba ya son zaƙi, na rake ne ko na ƙudan zuma, ya je wurin likita na gaske, mai kujera da layin marasa lafiya. Wanda kuma ya bi matakan nan asirinsa ya tonu a gaban surukai, ya kai ƙararsa wurin kiyashi, suna nan bayan ƙofa. Gwangwanin sukari ya dawo kan tebur, zuma tana gefensa tana jiran burodi, takalma suna kan kanta farare kamar ranar da aka sayo su. In kana da ƙarin tambaya, ɗakina ne na kusa da ƙofa, amma kada ka zo da safe. Ina shan shayi.