Wa Ya Kawo Mana Afolo?

"Lafiya lau, tsoho, amma daga bakin ƙofa zan gaishe ka," in ji jikar, tana riƙe da takarda da biro.

Kakan ya harare ta. Kwana uku ke nan ba yaron da ya leƙo ɗakinsa. Afolo, ciwon nan mai sa ido ja, ya kama mutum bakwai a gidan, ita kuma wannan 'yar makarantar aikin jinya da ta zo hutu ta zuga iyaye suka hana yara zuwa wurinsa. Shirun ɗakin ya ishe shi, kewa kamar ta kashe shi.

"Shigo mana, amarya. Ko kin yi sabon miji a makaranta?"

"Wa zai shiga rumbun cuta? Ga shi a rubuce. Bakwai sun kamu, duk bakwai ɗin sun shigo ɗakinka."

"Waɗanda ba su kamu ba fa?"

"Su tara ne."

"Su ta taga suke gaishe ni?"

Ta duba takardar. "Su ma suna shigowa."

"To, likitar tsakar gida, da wannan ilimin naki sai a kama ƙofar gida, don ta nan kowa ya bi."

"Ai idonka ja ne."

"Tun kafin a haifi ubanki yake ja. Kukan rashin sa'ar mata ne, ga ki nan shaida. Karanto min, wa ya fara?"

"Inna, ranar Talata."

"Ke yaushe kika dawo?"

"Asabar."

"Da baƙin tabarau, kina yauƙi, muka ɗauka gayu ne."

"Karatu ne ya sa idona ja."

"Karatun har da kwantsa? Kin ga, tsoho ba shi da aiki sai kallo. Daga kujerar nan ina hango famfo. Koren tawul ɗin da ke rataye a can, na wa ne?"

"Nawa ne."

"Duk bakwai ɗinki da shi suke goge fuska. Taran da hannu suke sharewa. Kin ƙirga kowa a gidan nan, har mai kawo ruwa, kika tsallake mai biro."

Ta bi takardar da ido, suna bayan suna, bakinta na motsi. Can sai dariya ta ƙwace mata, ta dafe bango.

"Na sallama, angona. Yanzu zan dafa tawul ɗin, in turo maka taran."

"Fara rubuta sunanki a sama, da manyan baƙi."

Ta rubuta, ta ɗaga ƙafa za ta shigo ta nuna masa. Ya tare ta da sanda, ransa fes.

"A'a, amarya. Daga bakin ƙofa."