Gishirin Babi na Tara

"Lafiya lau na wuni, tunda sai yanzu na ga wannan fuskar taka," in ji Hajiya Dijatu, tana ta ɓarar gyaɗa a gindin mangwaro, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Jikanta Badaru ne ya shigo gidan nasu na Azuba bayan la'asar ɗin Juma'a, riga ta jiƙe da gumi, waya a hannu. Ya jawo kujera 'yar tsuguno ya zauna a gabanta, ya kai hannu cikin farantin gyaɗar. Ta buge hannun.

"Haba amarya! Mijinki ya dawo, ko ruwa babu, sai duka?"

"Wane miji? Mijin da ko doya ɗaya bai taɓa shigowa da shi ba? Tun bara na kore ka, rashin kunya ne ke dawo da kai."

"In na tafi wa zai kwashe ki? Haƙori huɗu, biyu ma suna shirin yin ritaya."

"Huɗun nan sun ci naman da kai da ubanka ba ku ci ba. Buɗe waya, malam. An sako?"

Babin ƙarshe na wani littafi take tambaya. Wata uku ke nan Badaru yana karanta mata shi kowace yamma, don ita ba ta yi boko ba. Marubuciyar tana sako shi babi-babi a wani gurup na WhatsApp wanda Badaru ne admin ɗinsa. Labarin Sufeto Aper ne, ɗan sandan ciki da ke farautar wani mugu da ya kashe mutum biyar, kuma duk wanda ya kashe sai ya tafi da takalminsa na hagu.

Da farko don rage yamma Hajiya take sauraro. Sai wata biyu da suka wuce ta ɗora wake ta manta, tukunya ta ƙone ƙurmus, hayaƙi ya cika gida. Nan take ɗanta Abdulrahaman, uban Badaru, ya yanke hukunci: Inna ta fara ruɗewa, ba za ta ƙara yin tafiya ba. Ga shi kuwa aminiyarta Mwuese, wadda suka yi ƙuruciya tare a wajen dafa gishiri a Keana, tana kwance ba lafiya, sau biyu tana aikowa a ce Dijatu ta zo su gana. Abin ya ci wa Hajiya rai ƙwarai, musamman yadda kowa a gidan ya koma yi mata magana sannu-sannu kamar mai jinya. Ranar da ta ce ita fa ta gano mai kisan nan na littafi, Abdulrahaman ya yi dariya ya ce in Inna ta canka daidai, to kanta ƙalau yake, Badaru ya kai ta Keana a mota. Shi da wasa ya faɗa. Ita kuwa a ranar ta sa Badaru ya ɗauki muryarta a waya, ta faɗi sunan da dalilinta, a ajiye saboda shaida.

"Sai ƙarfe biyar za a sako," in ji Badaru. "Kafin nan bari ki ji abin da masu ilimi ke cewa. An yi ƙuri'a a gurup, mutum ɗari biyu da goma. Ɗari da tamanin sun ce Dokta ne mai kisan."

"Kai fa?"

"Ai ni na fara faɗa. Mutum da wuƙaƙen tiyata a but ɗin mota, ba ya dariya, ba ya gaida kowa?"

"Kai ma ba ka gaisuwa sai kana jin yunwa. Wa ka kashe?"

"Ke zan fara da ke, in gaji gadon nan naki mai rumfa. Saurara. Bilkis ta rubuta, 'Wallahi littafin nan ya hana ni sakat, yanzu a ƙarƙashin filo nake ajiye takalmina.'"

"Wanda ya zo kashe ta, filo ne zai hana shi? Wuce."

"Ushahemba ya ce littafin ya cika tsawo. Wai babi arba'in, an kashe mutum biyar, Sufeto ba abin da ya ƙaru da shi sai tumbi. Duk inda ya je bincike sai ya ci sakwara."

"Wannan yaro yana da kai, ka gaishe mini da shi. Sufeton nan ɗan'uwanka ne sak. Ci kamar gara, tunani sai an tura."

"Rukayya kuma ta ce in ba Dokta ba ne, ita ta bar karatun littafi har abada."

"Allah Ya sa ta iya tuwo, don daga yau ta samu lokaci. Mutum nawa suka ce Kofur?"

Badaru ya kwashe da dariya har yana dukan cinya. "Ke kaɗai, ke ɗin ma ba kya cikin gurup. Kofur fa, Hajiya! Bawan Allahn da ke riƙe wa Sufeto jaka, yana sayo masa abinci, ya yi ta kuka a jana'iza ta biyu har sai da aka riƙe shi?"

"Ka tura musu boyis ɗina?"

"In tura a maida ni abin dariya? Admin guda, a ce matarsa ta gama ƙona wake ta dawo kama masu kisa?"

Wannan ta soke ta, ta ji har cikin ranta. Jika yana da damar faɗin abin da ya ga dama, amma ta san maganar ubansa ce ta fito ta bakinsa. Ta murje gyaɗa biyu, sannan ta ture farantin gefe ta gyara zama.

"Buɗe babi na tara."

"Kin ga ruɗewar ko? Arba'in muke jira."

"Buɗe, ragon miji. Ranar da aka kashe mai shagon taya, Sufeto ya tambayi Kofur ina ya shiga kwana biyu. Me ya ce?"

Badaru ya yi ta murza waya da yatsa har ya kai wurin. "Ya ce ya je Keana gaida uwarsa, ya same ta tana dafa gishiri, har ya kawo wa oga tsaraba da ɗuminsa."

"Me Sufeto yake ci a lokacin? Na san dai ba zai rasa ci ba."

"Gasasshiyar masara, sabuwa. Sun fake a wata rumfa ana ruwa."

"To! Sabon masara, ruwan sama, da gishiri mai ɗumi. A wane Keana? Ni can aka yanke mini cibi. Da damina ruwa ne ke kwance a filin gishiri. Ƙasan da za ka kankaro ka zuba a tukunya ka tace, sai rana ya gasa shi ya yi fari tukuna. Ina ka ga wannan rana a watan takwas? Ko uwarsa aljana ce ba za ta dafa gishiri a lokacin ba."

"Kuskuren marubuciya ne kawai. 'Yar boko ce, a leda ta san gishiri."

"Ka ji kan kifi. A babi na biyu ba ita ta faɗi yadda ake huda tukunya a tace ruwan ba, da yadda hayaƙi ke cin idon mata? Wanda ya san wannan ya san damina. Yarinya ba ta yi kuskure ba. Kofur ne ya yi ƙarya, ita kuma ta ajiye muku a fili, ku ɗari biyu da digirinku kuka tsallake kamar awaki."

"Allah Sarki tsufa. Bari kawai in saya miki alawa ki tsotsa in an kama Dokta."

Bai rufe baki ba waya ta yi ƙara. Duk cika bakin nan da Hajiya take yi, a ranta tsoro take ji. In yarinyar nan da gaske kuskure ta yi fa? Shi ke nan, an tabbatar da ita ruɗaɗɗiya, Mwuese kuma sai dai ta ji labari. Ta ƙura wa Badaru ido. Ya fara karantawa a zuci, leɓensa yana motsi, yatsa yana gudu. Can sai yatsan ya tsaya, dariyar da ke fuskarsa ta bushe.

"Netwok ya ɗauke," in ji shi.

"Netwok ɗin a leɓenka yake? Ina kallo kana karatu."

"Caji ma saura kaɗan. Mu bari sai gobe."

"Badaru, ko da hayaƙi wayan nan ke aiki sai ka karanta. Ɗaga murya, kunnen ɗaya ya yi ritaya tare da haƙoran."

Ba yadda ya iya. Ya karanta, murya ƙasa-ƙasa kamar mai biya haddar da bai iya ba. Ga Sufeto Aper a kasuwa, ya tsaya wajen wata tsohuwa mai gishiri, ya ce ta ba shi sabo irin wanda aka kawo masa da damina. Tsohuwar ta dube shi ta ce, oga, sabon gishiri ai sai rani. Sufeto ya yi tsaye, babi na tara ya dawo masa. Kafin magariba an fasa ɗakin Kofur, an jawo wani buhun shinkafa daga ƙarƙashin gado, aka zazzage. Takalma biyar suka zubo, duk na hagu.

Hajiya Dijatu ta rangaɗa guɗa wadda rabonta da irinta tun bikin uwar Badaru. Faranti ya kife, kaji suka yo kan gyaɗa, ba ta ko dube su ba. Ta miƙe ba sanda, ta kama bakin zane ta taka rawa sau uku a gaban jikan nata.

"Ina Dokta? Ina wuƙan tiyata? Ina mutum ɗari da tamanin? Sai da tsohuwa irina ta shiga littafin ma kafin ɗan'uwanka mai tumbi ya gane!"

"Sa'a ce kawai, amarya."

"Sa'a ta san watan takwas? Tura boyis! Ka rubuta musu ranar da aka ɗauka, kada wani ya ce yau na ji."

Ya tura. Ba a yi minti biyar ba waya ta ɗauki ƙara kamar za ta fashe, shi kuma dole ya karanta mata da bakinsa. Bilkis ta ce, "Wace ce wannan Mama? Wallahi ta fi Sufeto." Rukayya ta ce ta janye rantsuwarta, amma littafi na gaba sai ta ji ta bakin Mama kafin ta yi ƙuri'a. Ushahemba ya ce a sauke admin a ɗora kakarsa, mutum talatin suka goyi baya nan take. Can sai ga marubuciyar da kanta: ta ce wata biyu tana jiran mutum ɗaya ya lura da gishirin nan, har ta fara cire rai, a gaida mata Mama da kyau.

Guɗar ce ta fito da Abdulrahaman daga ɗaki, hula a karkace. Hajiya ba ta kama sunansa, ɗan fari ne, don haka Badaru ta duba.

"Faɗa wa ubanka wanda aka kama."

"Kofur ne, Baba," in ji Badaru, kai a ƙasa.

Abdulrahaman ya sosa ƙeya. "Inna, ni fa maganar waken nan ce ta tsorata ni."

Hajiya ta daina rawa. "A ranar aka aiko mini cewa Mwuese ba ta iya tashi. Ina zaune a nan, zuciyata tana Keana, wake ya ƙone. Wake na manta, ban manta kaina ba."

Ba wanda ya yi dariya. Abdulrahaman ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi, ya ce, "A yi haƙuri, Inna." Ya juya ga ɗansa. "Ka duba mai da taya. Gobe da safe ka kai ta."

Da uban ya koma ciki, Badaru ya dubi kakarsa, ya girgiza kai, dariya ta ƙwace masa. Ya cire takalminsa na hagu ya ajiye a gabanta da hannu biyu.

"Na sallama, ranki ya daɗe, Sufeto Dijatu. Ga nawa, ki haɗa da na Kofur."

"Ɗauke mini wannan abu, warinsa zai kashe mutum na shida." Ta ɗebo gyaɗar da ta rage a zanenta ta cika masa hannu. "Ungo ladan karatu. Shiga ɗakina, bayan ƙofa akwai jaka da ƙullin zane na Mwuese, ka kai but tun yanzu."

Ya leƙa ɗakin, ya fito da jaka a ɗaure tsaf, har da sallaya a naɗe a sama.

"Yaushe kika haɗa wannan?"

"Tun babi na tara."